Hukuncin Siffanta Zinariya Da Duwatsun Ado A Cinikin Intanet

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa baki ɗaya.

 Darasinmu na wannan mako ya shafi wani ciniki da ya yawaita a tsakaninmu, watau sayar da sarƙa da awarwaro da 'yan kunne da zobba ta hanyar Instagram da WhatsApp da Facebook. Mai saye yana Sakkwato ko Zinder, mai sayarwa yana Kano ko Dubai, ba abin da ke tsakaninsu sai hoto da 'yan kalmomin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Galibin masu sayen nan mata ne, waɗansu don haɗa lefe, waɗansu kuwa sun mai da zinariya asusunsu na ranar buƙata. Wadda aka cuta ba ta ganewa sai ranar da ta kai kayan wurin maƙerin zinariya don ta sayar, a goga a dutse a ce mata tagulla ce.

Da farko, ciniki kan abin da ba a gani ba halal ne a mazhabar Malikiyya, muddin an siffanta shi. Ibnu Abi Zaid ya ambaci haka a Risala, kuma Imamu Malik a Muwaɗɗa ya halatta sayar da ƙunshin tufafi bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. Dalili shi ne siffa tana tsayawa a matsayin gani. Idan kaya ya zo yadda aka faɗa, ciniki ya kama mai saye. Idan ya saɓa, yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. To, tun da siffa ce idon mai saye, wanda ya karkatar da ita tamkar ya rufe masa ido ne ya miƙa masa kaya.

Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki sai ya ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, kana ya bayyana cewa mai algus ba ya tare da shi. Ku lura, mutumin nan bai furta ƙarya ba, ɓoyewa kawai ya yi. Wanda ya ɗauki hoton zobe ta gefen da babu gyambon walda, ko ya ƙara wa hoton haske har farin ƙarfe ya yi kamar azurfa, aikinsu ɗaya da mai tulin abincin nan.

Me ya wajaba a faɗa game da zinariya? Abu na farko shi ne daraja, wadda ake aunawa da karat. Zinariya tsantsa karat 24 ce, amma ta cika laushi, don haka ake gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa. Mai karat 22 tana da kashi 916 cikin dubu na zinariya, mai 21 kashi 875, mai 18 kashi 750, mai 14 kuwa kashi 585. Waɗannan lambobi su ne ake bugawa a maƙullin sarƙa ko cikin zobe. Azurfa mai kyau lambarta 925. Faɗin "gwal na Dubai" ko "na Saudiyya" ko "na Italiya" ba siffa ba ce, sunan wuri ne kurum, domin a kowace ƙasa daga cikinsu ana ƙera mai daraja iri-iri. Kuma hatimi shi kansa ba hujja ba ne yankakkiya, don 'yan jabu ma suna buga shi. Wanda ya sari kaya bai gwada ba, sai ya ce bai gwada ba, kada ya yi rantsuwa kan abin da hatimi kawai ya gaya masa.

Mafi muni a wannan babi shi ne kayan da aka yi wa ruwan zinariya, watau tagulla ko baƙin ƙarfe mara tsatsa da aka lulluɓe da wani siririn rufi. Sayar da su halal ne, ba laifi ga wadda ta sa su. Laifin yana wurin rubuta "karat 18" da manyan baƙaƙe a bar maganar ruwan, ko a saka ta da haruffan Turanci biyu waɗanda mai saye bai san ma'anarsu ba. Wannan shi malamai ke kira tadlisi. Bayani kuwa ba ya zama bayani sai wanda ake yi wa ya fahimta.

Sai nauyi. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya dace da wannan wuri ƙwarai. Fadala ɗan Ubaidu (R.A.) ya sayi wata sarƙar wuya ranar Haibara kan dinari 12, a jikinta akwai zinariya da duwatsu. Da ya rarrabe su sai ya tarar zinariyar ta fi dinari 12. Ya gaya wa Annabi (S.A.W.), sai ya hana sayar da irinta har sai an rarrabe. Asalin hanin saboda riba ne, domin zinariya aka sayar da zinariya ba a san daidaito ba. Amma mai hankali zai ga darasi na biyu: a san nawa ne zinariya, nawa ne dutse. A yau ana ɗora sarƙa mai tarin duwatsun gilashi a kan sikeli, a ce giram 30, a lissafa duka da farashin gwal. Ranar da mai ita ta zo sayarwa sai a ciccire duwatsun a auna saura. Wajibi ne a rubuta nauyin ƙarfen dabam, kuɗin ƙira dabam.

Game da duwatsu, jahilci ya fi yawa, har ga masu sayarwa. Karat na dutse awon nauyi ne, kashi ɗaya cikin biyar na giram, ba shi da alaƙa da karat na zinariya. Tun shekarar 1954 kamfanin General Electric a Amurka ya iya ƙera daimon a ɗakin bincike, kuma a yau irin wannan daimon ya cika kasuwa. Sinadarinsa ɗaya da na haƙowa, ido ba ya rarrabe su, amma kuɗinsa ya yi ƙasa nesa. Akwai kuma zirkoniya da moisanait, masu ƙyalli kamar daimon alhali ba shi ba ne. Yakutu ana gasa shi da wuta don launinsa ya fito, wani ma ana cike tsagarsa da narkakken gilashi. Zumurrudu ana shayar da shi mai don tsagar ta ɓuya. Lu'ulu'un da ke kasuwa kusan duk na kiwo ne, ban da na roba. Ƙa'idar da malamai suka kafa ta wadatar: duk abin da in mai saye ya sani zai fasa ko ya rage kuɗi, wajibi ne a faɗa masa ko bai tambaya ba. Rubuta "ba a mayar da kaya" kuwa, a mazhabarmu, ba ya kayar da haƙƙin mai saye a kan aibin da mai sayarwa ya sani ya ɓoye.

Wani zai ce, in na faɗi duka wa zai saya? Buhari da Muslim sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu cewa masu ciniki in sun yi gaskiya suka bayyana ana sa musu albarka, in sun ɓoye suka yi ƙarya ana shafe ta. Abu biyu aka haɗa a nan, gaskiya da bayyanawa, ɗaya ba ya isa ban da ɗaya.

Akwai sauran mas'ala da siffa ba ta warware ta. Zinariya da azurfa ba a sayar da su da kuɗi sai hannu da hannu, kuma mafi yawan malaman zamani sun ba takardun kuɗi hukuncin dinari da dirhami. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1990, ta halatta ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa, amma ta keɓe aure da salam da canji, shi canji saboda sharaɗin karɓa a mazauni ɗaya. Saboda haka wanda ya aika kuɗi yau, sarƙa ta iso bayan kwana uku, ya shiga jinkirin da aka hana. Mafita ita ce mai saye ya wakilta wani amintacce ya karɓi kayan a shago a daidai lokacin da kuɗin ya shiga, ko kuwa a ɗauki maganar waya a matsayin alkawari, a ƙulla cinikin sa'ad da ɗan aike ya kawo kaya aka duba aka biya. Duwatsu zalla, marasa zinariya ko azurfa a jikinsu, wannan sharaɗi bai hau kansu ba.

Mako mai zuwa in Allah Ya yarda za mu duba hukuncin musayar tsohuwar zinariya da sabuwa tare da ciko. Wassalamu alaikum.