Tashar Jirgin Ƙasa ta Brighton: Gini Tsakanin Alli da Gishiri

Brighton gari ne da ke bakin teku a kudancin Ingila, kimanin kilomita 80 daga Landan. A shekarar 1750 wani likita mai suna Richard Russell ya wallafa littafi kan amfanin ruwan teku ga marasa lafiya, sai masu hali suka riƙa zuwa garin wanka. Talakawa kuwa ba su sami wannan dama sosai ba sai da jirgin ƙasa daga Landan ya iso a 1841, tafiyar ta koma ta kimanin awa biyu.

David Mocatta ne ya zana ginin tashar. Kafin a aza harsashi, sai da aka sare gefen wani tudu na alli aka baje shi. Wannan alli kuwa asalinsa halitta ce mai rai. Fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce teku ne ya rufe yankin, cike da wasu tsirrai masu ƙwayar halitta guda, waɗanda ido ba ya gani. Kowannensu na da ɓawo na sinadarin kalsiyam kabonet. Da sun mutu sai ɓawon ya kwanta a ƙasan ruwa, a hankali ya taru ya zama dutse.

Wajen 1882 aka yi wa tashar katafaren rufi na ƙarfe da gilashi. A nan ne tekun da ya ba da harsashi ya zama abokin gaba. Ƙarfe yakan yi tsatsa idan ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, shi kuwa gishiri yana sa ruwa ya fi gudanar da lantarki, don haka tsatsar take sauri. Maganinta shi ne a kankare ta, a shafa fenti domin ya raba ƙarfen da iska da laima.

A 1973 hukuma ta sa tashar cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, aka kuma yi wa rufin babban gyara wajen 1999 zuwa 2000.

Ɗalibai na iya gwada wannan a aji. A sami ƙusa biyu, a jiƙa ɗaya da ruwa zalla, ɗaya da ruwan gishiri, a ajiye su a sarari. A maimaita jiƙawar kullum har mako guda, a rubuta wadda ta fara yin ja, da dalili.