Muryar Mai Nutso ta Sirance: Ciwo Ne ko Iska?

Tambaya: Malam, ƙanena yana aikin nutso a ƙarƙashin teku. Na ji muryarsa da aka naɗa yana can ƙasa, ta koma siririya kamar kukan agwagwa. Ko iskar da suke shaƙa ta lalata masa maƙogwaro ne?

Amsa: Kwantar da hankalinka, maƙogwaronsa lafiya lau. Iskar da muke shaƙa a doron ƙasa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Idan mutum ya wuce zurfin mita 30, naitirojin takan fara juya masa kai kamar mai maye, shi ya sa masu aiki a zurfi suke maye gurbinta da heliyam, a gauraya da oksijin.

Heliyam ba ta da nauyi, don haka sauti yana gudu a cikinta kusan mita 1,000 a daƙiƙa, alhali a iskarmu mita 343 ne. Ka dubi goge: tsirkiya ce take kaɗawa, amma ƙoƙon ne yake ba sautin kauri. Tantanin maƙwallato yana kaɗawa yadda ya saba. Kogon baki da maƙoshi ne, da suka cika da heliyam, suke fifita siraran sautuka su danne masu kauri. Wanda ya kalli bidiyon ceto Harrison Okene, mai dafa abincin da ya shafe kusan awa 60 a cikin jirgin da ya nitse a gaɓar tekun Najeriya a 2013, ya ji irin wannan murya.

Abin dariya ne a tudu, amma a ƙasa haɗari ne, domin wasula suna cakuɗewa, umarni ya ɓata. Ka faɗa wa ƙanenka ya riƙa magana a hankali da gajerun kalmomi, ya maimaita duk umarnin da aka ba shi, kuma kada ya sauka sai an gwada na'urar da ke gyara muryar kafin ta isa kunnen shugaban aiki. Da zarar heliyam ta bar huhunsa, muryarsa za ta dawo. Idan dishewa ta daɗe, ya ga likita.

Yaran da ke zuƙar iskar balan-balan don wasa kuwa, a hana su. Wannan heliyam ce da babu oksijin a cikinta, tana sumar da mutum, tana kuma kisa.