BABI NA BAKWAI: KOYAR DA RAYUWAR TSIRRAI GA ƘANANAN YARA DA HARSHEN HAUSA

7.0 Gabatarwa

Yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ba baƙon tsirrai ba ne. Tun kafin a sa shi makaranta ya ga shuka da noma da girbi, ya kuma san bambancin gero da dawa. Sai dai yakan shigo aji da wata fahimta da ta zauna masa, wato cewa tsiro ƙasa yake ci, kamar yadda akuya ke cin ciyawa. Idan malami bai gyara wannan tun daga firamare ba, ɗalibi zai haddace sunayen sassan tsiro ba tare da ya gane aikinsu ba. A wannan babi za a yi bayanin sassan tsiro, da yadda yake haɗa abincinsa, da hanyoyin da malami zai bi ya koyar da haka cikin Hausa.

7.1 Tantance Kalmomi

Aikin farko shi ne tantance kalmomin darasi, domin da yawa daga cikinsu suna da ma'ana fiye da ɗaya. Alal misali, “iri” na nufin ƙwayar da ake shukawa, yana kuma nufin nau'i. “Itace” na nufin bishiya mai rai, yana kuma nufin makamashin girki. “Jijiya” kuwa ana faɗin ta ga saiwa, ana kuma faɗin ta ga jikin mutum. Haka nan “tsiro” kan zama sunan duk abin da ke fitowa daga ƙasa, ko kuma ɗan abin da ya fara ɓullowa daga iri. Saboda haka ya kamata malami ya zaɓi kalma ɗaya ga kowace ma'ana, ya tsaya a kanta har ƙarshen darasi. Idan yara suna da wata kalma ta karin harshensu, sai a rubuta ta a gefen ta daidaitacciyar Hausa, kada a kushe ta.

7.2 Sassan Tsiro da Ayyukansu

(a) Saiwa: Ita ce ke riƙe tsiro a ƙasa, tana kuma tsotso ruwa da gishirin ƙasa da ya narke a cikinsa. Gero da masara suna da saiwoyi sirara masu yawa, wake da kuɓewa kuwa suna da uwar saiwa ɗaya mai nutsawa. Rogo da dankalin Hausa saiwoyi ne da aka tara abinci a cikinsu.

(b) Kara ko gangar jiki: Shi ke ɗaga ganye zuwa ga haske, kuma ta cikinsa ruwa ke hawa, abinci ke sauka. Rake yana ajiye sukari a karansa, kuka kuwa ruwa take ajiyewa a gangar jikinta.

(c) Ganye: Nan ne madafin tsiro, kamar yadda za a gani a gaba.

(d) Fure: Shi ne sashen haihuwa. Sai garin namiji ya isa ga sashen mace sannan a sami ɗa. Ƙudan zuma ke kai garin a kabewa, iska ke kai shi a masara, a dabino kuwa namiji daban yake, mace daban, shi ya sa manoma ke yi masa barbara da hannu.

(e) Ɗa da iri: A cikin ɗa ake samun iri, a cikin iri kuma akwai jaririn tsiro tare da guzurinsa. Gyaɗa misali ce mai jan hankalin yara, domin a sama take fure, amma a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya.

7.3 Yadda Tsiro Yake Haɗa Abinci

An daɗe ana zaton cewa jikin itace daga ƙasa yake samuwa. Wani masani mai suna Jan Baptist van Helmont, daga yankin da a yau ake kira Beljiyam, ya gwada wannan zato. Ya dasa ɗan itace mai nauyin kimanin kilo 2 a tukunya mai ɗauke da busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Da ya sake awo, sai ya tarar itacen ya kai kimanin kilo 76, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. An buga sakamakon a 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itace. A 1779 Jan Ingenhousz, ɗan ƙasar Holan, ya nuna cewa koren ganye yana fitar da iska mai kyau ne kawai idan yana cikin haske.

Abin da aka tabbatar a yau shi ne: ganye yana da wani koren sinadari, kulorofil, mai kama hasken rana. Da ƙarfin wannan haske ganye yake haɗa ruwan da saiwa ta kawo da iskar kabon-dayoksaid da ke shiga ta wasu ƙananan ƙofofi a jikinsa, sai a sami sukari, iskar oksijin kuma ta fita. Da wannan sukari tsiro yake girma, rarar kuma ya mayar da ita sitaci ya ajiye a ƙwaya ko saiwa. Ke nan tuwon dawa da ɗalibi ya ci jiya a ganyen dawa aka fara haɗa shi. Daɗin daɗawa, tsiro yana numfashi dare da rana kamar sauran masu rai.

A nan sai malami ya yi hattara da maganar da aka saba yi cewa taki abincin shuka ne. Taki yana ba da sinadarai irin su naitirojin waɗanda tsiro ke bukata kaɗan, amma ba ya maye gurbin haske. Shi ya sa geron da ke ƙarƙashin inuwar mangwaro ba ya abin kirki ko da an zuba masa taki, alhali wanda ke gindin gawo yana yi, domin gawo da damina yake zubar da ganye. Ƙuduji, wato wuta-wuta, yana tsotsar ruwa da abinci daga saiwar dawa da gero, abin da ke sa su ƙanƙancewa.

7.4 Dabarun Koyarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Gwaje-gwajen da ke biye ba sa bukatar ɗakin kimiyya:

1. A sa wake a gwangwani uku. Na farko a kan busasshiyar auduga, na biyu a kan jiƙaƙƙiya, na uku a nutsar da shi cikin ruwa. Bayan 'yan kwanaki na biyun ne zai tsiro sosai, domin iri yana bukatar ruwa da iska da ɗumi. Yara su lura cewa babu ƙasa a gwangwanin.

2. A ajiye tsiron wake ɗaya a rana, ɗaya a cikin kwali mai duhu, a riƙa ba su ruwa daidai. Na cikin duhu zai yi tsawo, ya sirance, ya yi ɗorawa, daga baya ya mutu idan guzurin iri ya ƙare.

3. A ɗaura farar leda a reshe mai ganye da safe. Kafin a tashi za a ga ɗigon ruwa a ciki, shaidar cewa ruwa yana hawa daga saiwa ya fita ta ganye.

4. Malami da kansa ya ɗiga aidin a kan koko ko yankan rogo. Launin zai koma shuɗi mai duhu, alamar sitaci.

Kafin kowane gwaji a tambayi yara abin da suke zaton zai faru, a rubuta a allo. Bayan gwaji su faɗi abin da suka gani da bakinsu, su zana shi, sannan a ba su kalmar kimiyya. Malamin da ya fara da ma'ana kafin gwaji hadda ya koyar.

7.5 Kammalawa

An ga cewa kowane sashe na tsiro yana da aikinsa, kuma a ganye ake haɗa abinci daga haske da ruwa da iska. Yaron da ya gane wannan zai san dalilin da ya sa ake rage shuka idan ta yi cunkoso, da dalilin cire ciyawa, da illar barin dabbobi su cinye ganyen dashe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Auna Fahimta

1. Kawo kalmomin Hausa uku da suka shafi tsirrai masu ma'ana fiye da ɗaya, tare da bayani.
2. Mene ne gwajin van Helmont ya tabbatar, kuma ina ya kuskure?
3. Wace amsa malami zai ba ɗalibin da ya ce taki shi ne abincin shuka?
4. Tsara darasin minti 35 na aji uku na firamare a kan tsirowar iri.