Yadda Ake Haɗa Huhun Gora Don Koya wa Yara Numfashi

Tambayi ɗan aji huɗu yadda iska ke shiga jikinsa, zai ce maka hanci ne ke zuƙo ta, ko kuma huhu ne ke jawo ta. Manya da yawa ma amsarsu ke nan, alhali huhu ba shi da ƙarfin buɗe kansa. Mai aikin wata faffaɗar tsoka ce da ke ƙarƙashinsa, wadda ta raba ƙirji da ciki, littattafan kimiyya na kiranta dayafiram. Idan ta ɗame ta yi ƙasa, sai fili ya ƙaru a ƙirji, matsin iskar da ke ciki ya ragu, ta waje ta kwararo ta cike gurbin. Idan ta saki ta koma sama, sai iskar ta fita. Haka zugazugin maƙeri yake, hannu ke buɗe fatar, iska kuwa da kanta take shiga. Wannan shi ne ƙashin bayan darasin, kuma zanen allo ba ya iya nuna shi, domin zane ba ya motsi. Shi ya sa ya kamata malam ya fara da abin da yara za su ja da hannunsu, sunayen gaɓoɓi su biyo baya.

Kayan ba su da yawa: gorar roba mai ɗan tauri wadda ake ganin cikinta, balan-balan biyu, almakashi da salatif. Gorar lemo ta fi ta ruwa, domin ta ruwa kan lotse da an matsa ta. Da farko malam ya yanke gindin gorar da kansa, kada ya bar wa yara wannan, sannan ya liƙe bakin yankan da salatif don kada kaifinsa ya huda roba. Sai ya zura balan-balan ɗaya ta bakin gorar ya bar shi yana reto a ciki, ya naɗe bakinsa a kan bakin gorar ta yadda zai kama gam. Wannan shi ne huhu, wuyan gorar kuma shi ne maƙogwaro. Na biyun, wanda shi ne dayafiram, a ƙulle wuyansa ba tare da an hura ba, a yanke ɗan samansa, a miƙe shi a rufe gindin gorar da shi, ƙullin yana waje, a zagaye da salatif. A nan ake yawan samun matsala: in akwai 'yar kafar da iska ke zurarewa, ko ta kai ramin allura, na cikin ba zai kumbura yadda ya kamata ba. Idan komai ya liƙe, yaro ya ja ƙullin ƙasa, zai ga na ciki ya buɗe ba tare da kowa ya hura shi ba. Ya tura sama, ya ga ya yamutse. Kada malam ya yi saurin bayani. Ya tambaye su wa ya hura shi, ya bar su su yi gardama.

Daga nan a koma jiki. Kowane yaro ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a saman cibiya, ya ja numfashi a hankali, ya ji cikinsa ya turo gaba saboda tsokar nan ta danna kayan ciki. Yanzu ne lokacin bin hanyar iska: hanci, inda gashi da majina ke tare ƙura kuma iskar ta ɗumama, sai maƙogwaro, wanda ya rabu biyu, reshe ɗaya zuwa kowane huhu, rassan su yi ta rarrabuwa har su ƙare a ƙananan jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi. A bangon waɗannan jakunkuna ne oksijin ke ratsawa cikin jini, kabon dayoksaid kuma ya fito. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, wadda muke fitarwa kuma tana da kusan kashi 16.

Wani zai ce gorar tana koyar da kuskure, tunda bangonta ba ya motsi, alhali haƙarƙari na ɗagawa, kuma huhu ba jaka ba ce holoƙo. Gaskiya ne, har ma akwai na uku: dayafiram a hutawarta tankware take zuwa sama, ba shimfiɗe kamar robar gindin gora ba. Amma wannan dalili ne na ƙara mataki, ba na jefar da gorar ba. A auna ƙirjin yaro da zare kafin ya ja numfashi da bayan ya ja, a ga bambancin. A karɓo huhun rago wurin mahauci, su ga nama ne mai laushi mara nauyi, a yanki ɗan guntu a jefa a ruwa su ga yana yawo a sama. Yaron da ya gano inda gora ta saɓa wa jikinsa ya fi wanda ya haddace sunaye goma fahimta. Masu cewa babu lokaci kuwa, su lissafa: haɗawar ba ta kai rabin darasi ba, gorar kuma za ta yi wa ajin baɗi aiki in an sauya balan-balan. A dai kwashe guntayen robar, kada ƙananan yara su sa a baki su shaƙe.

Mataki na ƙarshe ƙidaya ce. Yara su zauna biyu-biyu, ɗaya ya ƙirga numfashin ɗan'uwansa na minti guda, su yi tsalle a fili, su sake ƙirgawa, su rubuta duka a allo. Babba a zaune yakan yi 12 zuwa 20 a minti, yara sun fi haka. Wannan ƙidayar tana da amfani har gida, musamman da hunturu, lokacin ƙura da hayaƙin itace a rufaffen ɗaki. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 mai tari da ke numfashi 40 ko fiye a minti yana hutawa, alamar ciwon nimoniya ce. Malam, ka faɗa musu su sanar da iyaye a kai shi asibiti a ranar.