Darasi: Makunnin Da Ke Ba Naƙasassu Damar Aiki Da Na'ura

Darasinmu na yau ya shafi wata 'yar ƙaramar haja wadda ya kamata masu sayar da kayan lantarki su sani, wato makunni na musamman da ake yi domin mutanen da larura ta raunana hannuwansu.

Aikin kowane makunni dai ɗaya ne, wato haɗa wuta ko yanke ta. Abin da ya bambanta na naƙasassu shi ne gaɓar da ake sarrafa shi da ita. Akwai mai faɗi kamar murfin kwano, wanda ake dannawa da gwiwar hannu, ko ƙafa, ko haɓa. Akwai na bututu, wanda ake hurawa ko a zuƙa. Akwai kuma mai gane motsin tsoka. Marigayi Stephen Hawking, masanin kimiyya na Ingila, ya fara ne da na dannawa da hannu. Da hannun ya gaza sai aka maƙala masa wani a jikin tabarau, mai gane motsin kumatu.

To, yaya makunni guda zai isa a yi rubutu? Kwamfuta ce ke haskaka haruffa bi da bi, idan hasken ya iso kan wanda ake so sai a danna. Kamfanin Apple ya sa wannan tsari a wayoyinsa a 2013, wayoyin Android kuwa suka samu a 2014.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, yawancin waɗannan makunnai suna da bakin waya iri ɗaya, mai kaurin milimita 3.5. Na'urar wasan da kamfanin Microsoft ya fitar domin naƙasassu a 2018 tana da ramuka 19 na irin wannan baki. Ke nan mai gyaran rediyo da ya ƙware zai iya haɗa makunni mai sauƙi a shagonsa.

Buƙata kuwa tana da yawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna mutane fiye da biliyan 2.5 na buƙatar kayan taimako iri daban-daban, kusan biliyan 1 kuma ba su samu ba. A Nijeriya, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta buƙaci ma'aikatun gwamnati su keɓe musu akalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

Sai dai a kiyaye abubuwa biyu. Na farko, kada a sayar kafin a gwada, tare da shawarar ma'aikacin lafiya, domin a gano motsin da mai saye zai iya maimaitawa ba tare da gajiya ba. Na biyu, ƙaramar wuta irin ta batir makunnin ke ɗauka. Haɗa shi kai tsaye da wutar gida yana iya halaka mai amfani da shi, don haka fanka ko fitila sai da akwatin tsakani da aka yi domin wannan aiki.