YADDA HANKALI YA KE RIƘE MAGANA

Sau da yawa mutum ya kan ji karatu ran Lahadi, ya ji daɗinsa ƙwarai, amma kafin Talata in an tambaye shi abin da aka karanta sai ya yi shiru. Wani kuma ya haddace aya da wahala, mako ya kewayo, ya tarar ta gudu. Daga nan sai ya karai, ya ce, "Ni kaina ba ya ɗaukar karatu." Waɗansu har sun bar ajin karatu saboda wannan. Yawanci kuwa ba daƙiƙanci ba ne. Hankalin ɗan adam yana da hanyarsa ta karɓar magana da ajiye ta. Bari mu duba hanyar nan tare.

Hankali ma'ana ya ke nema

Karanta waɗannan: "Ladi ta tankaɗe gari." "Musa ya shiga gari." Kalmar ƙarshe rubutunta ɗaya ne. A baki sun bambanta, gama a ta fari ana jan wasalin farko, amma a takarda ba wata alama. Duk da haka ba ka yi tuntuɓe ba. Da ganin "tankaɗe" hankalinka ya riga ya kai ga rariya, da ganin "shiga" ya riga ya kai ƙofar birni. Watau hankali ba ya tsayawa a kan kalma ɗaya ɗaya. Yana haɗa abin da ya shigo da abin da ya riga ya sani, ya fitar da ma'ana nan da nan.

To, bayan ya sami ma'anar, me ya ke yi da kalmomin? A shekara ta 1967 wata masaniya a Amurka, Jacqueline Sachs, ta gwada wannan. Ta sa mutane su saurari labari, sa'an nan ta tsai da shi, ta maimaita musu wata jimla daga ciki, ta tambaye su ko daidai ta ke da wadda suka ji. Wani lokaci ta kan sāke tsarin kalmomin kaɗai, wani lokaci kuwa ma'anar. Ga misalin irin abin da namu harshe. An ce, "Audu ya sayar wa Bala akuya." In aka mai da shi, "Bala ya sayi akuya a wurin Audu," kalmomi ne suka sāke. In aka ce, "Bala ya sayar wa Audu akuya," ma'ana ce ta sāke. Ta tarar in an yi tambayar nan take, mutane su kan gane kowane canji. Amma in labarin ya ci gaba wajen rabin minti, da ƙyar su ke gane canjin kalmomi, canjin ma'ana kuwa suna gane shi sarai.

Ashe kalmomi kamar ɓawon gyaɗa su ke. Hankali ya kan ɓare, ya ajiye ƙwayar, ya yar da ɓawon.

Hankali ya kan gyara abin da ya ajiye

A nan akwai abin lura. A Ingila, wani malami a Jami'ar Kambirij, Frederic Bartlett, ya ba mutane wata tatsuniya ta mutanen asali na Arewacin Amurka su karanta, daga baya su rubuta ta da ka. Ya buga abin da ya gani a 1932. Tatsuniyar ta yi ta gajarcewa. Abin da ya ke baƙo gare su sun zubar, ko kuwa sun mai da shi abin da suka saba da shi. Inda aka yi zancen farautar wata dabbar teku, waɗansu suka rubuta kamun kifi. Ba ƙarya suka yi niyya ba. Hankalinsu ne ya cike gurbi da abin gida, ba su sani ba.

Ka tuna da wannan ran da gardama ta tashi, wannan yana cewa, "Haka ka ce," wancan yana cewa, "Ban faɗa ba." Mai yiwuwa ne dukansu biyu da gaskiyar zuciya su ke magana. Kada ka yi saurin ce da ɗan'uwanka maƙaryaci. In za ka ɗauki maganar wani ka kai wa wani, ka ce, "Ga yadda na fahimta." In kuwa maganar bashi ce ko alkawari, a rubuta ta a gaban shaidu.

Yadda mantuwa ta ke aiki

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan ya duba wahalar da zai sāke sha kafin su komo masa. Bayan sa'a ɗaya, fiye da rabin aikinsa ya zube. Bayan kwana ɗaya, wajen kashi biyu cikin uku. Daga nan zubar ta ragu ƙwarai, har bayan wata guda wajen kashi ɗaya cikin biyar yana nan. Mantuwa da fari ta ke yin ɓarnarta mai yawa.

Ya ga waɗansu abu biyu kuma. Na ɗaya, da ya haddace baitocin waƙa masu ma'ana, wahalar ba ta wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na wahalar gaɓoɓin banza ba. Na biyu, maimaitawa sau 38 da ya raba cikin kwana uku ta yi masa amfani daidai da sau 68 a zama ɗaya. Manomi ya san wannan. Ruwa kaɗan kaɗan a kan kari ya fi wa shuka amfani bisa ga ambaliyar rana ɗaya.

Abin da za ka yi

1. Ka fahimta tukuna. Kafin ka soma hadda, ka tambayi ma'anar kowace kalmar da ta shige maka duhu, ka faɗi abin da bakinka.

2. Ka yanka shi gunduwa gunduwa. Abin da hankali ya ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne. Ka kama gaɓar magana ɗaya, in ta zauna ka ƙara wata.

3. Ka koma kansa a ranar, kafin ka kwanta. Ka sāke gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako. Minti biyar kowane lokaci ya isa.

4. Ka rufe littafin ka gwada faɗa da ka. Masu bincike a Amurka sun nuna a 2006 cewa waɗanda suka yi haka sun fi masu maimaita karatu kawai tunawa bayan mako guda. Bayan ka faɗa, ka buɗe ka duba, gama ka ga yadda hankali ya kan sāke kalmomi.

5. Ka koya wa wani, ko yaron gida ne. Mai faɗa wa wani yana ƙarfafa nasa.

Ku masu koyarwa kuma, kada ku tsawata wa mai koyo don ya manta. Ku fara kowane aji da tambaya a kan darasin da ya wuce.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba ka rikice da kalmar "gari" ba?
2. Wanne ne ya fi saurin ɓacewa, kalmomi ko ma'ana?
3. Yaushe ya kamata ka fara komawa kan abin da ka koya, don me kuma?