Idan Rufin Soro Ya Yi Ciki

A Birniwa, can gefen masarautar Haɗejiya wajen iyakar Yobe, galibi ɗaki ko dai kwano ne a kansa ko ƙasa a kan azara. Na biyun ya fi sanyi da bazara, amma shi ke ba magina aiki bayan kowace damina. Ruwan Agusta ya jiƙa ƙasar rufi, nauyi ya ƙaru, tsakiyar ɗaki ta sauko. A daminar 2022, da ambaliya ta mamaye sassan Jigawa, gidajen ƙasa da dama ba kogi ne ya ci su ba, ruwan sama ne ya zauna musu a ka har suka rufta.

Magini na ƙwarai ba ya fara hawa sama. Yakan sa a fitar da yara da kaya, ya shiga ɗakin da cocila ya bi azara ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa ta da ƙeyar gatari. Mai lafiya amonta a cike yake. Wadda gara ta cinye kuwa sai ta yi ƙara kamar ganga, gari na zubowa. Ya fi daɗewa a kan bakin azara, inda ta shige cikin bango, domin nan laima ke ɓuya, itace ya ruɓe alhali tsakiyarsa na nan garau.

Daga nan sai bangon kansa. In gindinsa ya sha ruwa, ko ya tsage daga sama ya karkata waje, to laifin ba na rufi ba ne, kuma sabuwar azara a kan irin wannan bango asarar kuɗi ce kawai.

In bango na tsaye, sai tokara. Ana shimfiɗa katako a ƙasa don kada gwafa ta nutse, a gitta wani a ƙarƙashin azarorin da suka lanƙwashe, a tokare a hankali. Sai an yi haka magini ke hawa. Abin da yakan tarar kusan ɗaya ne: indararo ya toshe da ciyawa, ruwa ya yi makwanci a tsakiya, ƙasar rufi kuma ta yi kauri fiye da kima. Kowace shekara maigida ya ga ɗigo sai ya ƙara yaɓe a kan tsoho, ba ya cire komai. Wannan ƙarin ne ke karya azara, kuma shawo kan maigida ya yarda a rage ƙasa ya fi aikin kansa wuya.

Ana sassare ƙasar da fartanya daga inda rufin ya lotsa, a zubo da ita, a yaye tsohuwar zana, a zare azarar da ta mutu. Ta giginya aka fi so, don gara ba ta cika damunta ba. Goruba ta fi samuwa a wannan yanki, sai dai ba ta kai giginya ƙarko ba. Tsawo ma abin lura ne: azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin mita 2, shi ya sa a ɗaki mai faɗi ake gitta wasu a kusurwoyi, ko a kafa ginshiƙi a tsakiya.

Sannan a shimfiɗa sabuwar zana, a bi ta da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa, ba mai kauri ba, a gangarar da ita zuwa bakin indararo. In ta bushe a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Yanzu wasu na shimfiɗa leda kafin ƙasa ta ƙarshe.

Gwafa ba a cire ta sai rufi ya bushe sarai. Saboda haka da rani ake aikin, bayan an gama kaka, kafin hadarin farko ya taso daga gabas.